Ku Tambayi Likita: Allurar Barci da Masu Yin Ta

Wasiƙun wannan wata, yawancinsu daga Bauchi da Gombe, sun karkata ne kan allurar barci da masu yin ta. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo, mun kuma sakaya sunayen asibitocin da aka kawo ƙorafi a kansu. Amsoshin na likitocin sa barci ne da ma'aikatan jinya na ɗakin tiyata.

Daga wani magidanci, Unguwar Jahun, Bauchi: Bara aka yi mini aikin gwaiwa. Likitan da ya yi aikin na san shi, har gida na je na yi masa godiya. Amma akwai wani da ya yi mini allura a baya, ya tsaya ta wajen kaina har aka gama, daga nan ban sake ganinsa ba. Ɗana ya ce shi ma likita ne, ni kuwa na ɗauka yaron likita ne.

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ɗanka ya fi ka kusa da gaskiya. Mutumin ɗayan biyu ne: ko likitan sa barci, ko ma'aikacin jinya da ya yi karatu na musamman kan wannan aiki. Ko wanne ne, ba yaron kowa ba ne. Likitan sa barci ya yi shekara 6 a jami'a kamar kowane likita, ya yi shekarar sanin makamar aiki da ta hidimar ƙasa, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa har ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas ko ta Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe duk suna da sashe guda na wannan fanni. A asibitocin ƙananan hukumomi kuwa galibi ma'aikatan jinya ne ke riƙe da aikin, don likitocin sun yi ƙaranci. Ƙididdigar da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta fitar a 2017 ta nuna Najeriya ba ta da ko likita ɗaya ga mutum 100,000, alhali ƙungiyar na ganin biyar ne mafi ƙarancin abin da ya kamata.

Allurar da ka gani ita ce ƙaramin ɓangaren aikinsa. Likitan fiɗa idonsa na kan inda ya yanka, sauran jikinka duk yana hannun mai sa barci. Yana auna hawan jininka duk bayan minti uku zuwa biyar. Abin da aka maƙala maka a yatsa yana nuna masa yawan iskar oksijin a jini, wanda ga mai lafiya yake tsakanin 95 da 100. In ya yi ƙasa da 90 dole a gano dalili nan take. Shi ke lissafin jinin da ya zuba, shi ke cewa a ƙara ruwa ko a kawo jini. In ya ga jiki ba zai ɗauka ba, yana da ikon cewa a ɗage aikin.

Rashin saninsa ba laifinka ba ne. Ƙa'ida ita ce ya zo gadonka tun jajibirin aiki, ya faɗi sunansa, ya tambaye ka cututtukanka da magungunanka, ya duba bakinka da wuyanka, ya gaya maka abin da zai yi, sannan ya leƙo ka washegari. Inda mutum ɗaya ke bin ɗakunan tiyata biyu ko uku, wannan ziyara ce ke fara salwanta, kuma a ganinmu ita ta fi komai tasiri kan ko majiyyaci zai fita yana yabo ko yana ƙorafi. Duk wanda za a yi wa aiki yana da haƙƙin ya ce, "Ina so in ga wanda zai sa ni barci."

Daga wata mai juna biyu, Azare: Cikina wata takwas, an ce jaririn a gicciye yake, in bai juya ba sai an yi mini aiki. Yayata ta ce kada in yarda da allurar baya, wai tana barin mace da ciwon baya har tsufa, wata ma ƙafafunta sun shanye. Ta ce in nemi a sa ni barci gaba ɗaya.

'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. In babu wani dalili na musamman, allurar baya ta fi aminci gare ki da jaririn. Mai ciki bakin tumbinta yana saki, abin da ke ciki na iya tasowa ya faɗa huhu in an sa ta barci. Maƙogwaronta yana ɗan kumbura, saka bututun numfashi ya fi wuya, oksijin ɗinta kuma yana saurin faɗuwa. Ga shi maganin barci na ratsa mahaifa ya kai ga jariri. Allurar baya ta kauce wa duk wannan.

Ga yadda ake yi. Za a fara sa miki ƙarin ruwa a hannu. Ki zauna a bakin gado, ki rungumi matashin kai, ki sunkuyar da kai, ki sauke kafaɗu, ki turo bayanki waje. Wannan zama ne ke buɗe tsakanin ƙasusuwa. A goge bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a shigar da siririyar allura a ƙasan baya. Laka, wato igiyar jijiyoyin da ke cikin ƙashin baya, tana ƙarewa ne wajen ƙashi na ɗaya ko na biyu cikin ƙasusuwa biyar na ƙugu, allurar kuwa tsakanin na uku da na huɗu ake sa ta, cikin ruwan da ke ƙasa da lakar. Maganin bai wuce mililita 2 zuwa 2.5 ba, rabin ƙaramin cokali ke nan. Cikin minti biyar zuwa goma ƙafafu za su yi ɗumi, su yi nauyi. Ba za a yanka ba sai an gwada ki da abu mai sanyi ko mintsini an tabbatar maganin ya hau har ƙirji.

Abin da ba a cika gaya wa mata ba, wanda kuma ya fi jawo ɓacin rai: za ki ji taɓi, za ki ji ana ja, za ki ji an danna miki ciki da ƙarfi lokacin fitar da jariri. Zafi ne ba za ki ji ba. In kin ji zafi na gaskiya, ki faɗa da babbar murya, akwai abin ƙarawa, in ta kama a sa ki barci. Haka nan in kin ji jiri ko tashin zuciya, alama ce hawan jini ya faɗi, abin da ke yawan faruwa a mintunan farko. Ana gyara shi da allurar efedirin ko makamanciyarta da ƙarin ruwa, a kuma karkata ki hagu don mahaifa ta sauka daga kan babbar jijiyar jini.

Maganar ciwon baya, wurin allurar na iya yin tsami na 'yan kwanaki, amma bincike bai nuna tana haddasa ciwon baya na dindindin ba. Ciki kansa yana sassauta gaɓoɓin ƙugu, sannan goyo da daka da wanki a sunkuye su biyo baya; matan da suka haihu da kansu ma suna wannan kuka. Lalacewar jijiya ta har abada tana faruwa amma da wuya ƙwarai: babban binciken da aka wallafa a Birtaniya a 2009 ya same ta tsakanin ɗaya cikin 24,000 da ɗaya cikin 54,000. A nan yankin, ƙafar da ta saki bayan haihuwa ta fi zama sakamakon doguwar naƙuda, inda kan jariri ya daɗe yana danne jijiya, sai laifin ya faɗa kan allura.

Abin da ya fi yiwuwa shi ne ciwon kai mai zuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku, mai tsananta in an zauna, mai lafawa in an kwanta. Ruwan laka ne ke ɗiga ta ƙofar allura, shi ya sa siririyar allura ta fi mai kauri. Yakan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu da farasitamol da shan ruwa da shayi ko kofi. Kwanciya kwana guda ba matashin kai, da ake tilasta wa mata a wasu wurare, ba ta hana shi zuwa. Amma in awa huɗu ta wuce ba ki iya ɗaga ƙafa ba, ko ƙarfin ƙafa ya dawo ya sake tafiya, ko ciwon baya mai tsanani ya zo da zazzaɓi, a kira likita a lokacin, ba sai da safe ba.

Ba a yin allurar ga mai zubar da jini da yawa, ko wadda jininta ba ya daskarewa, ko mai ƙurji a wurin, ko mai shan maganin tsinka jini.

Daga wani mahaifi, Misau: Mun kawo yaro ɗan shekara huɗu Bauchi don ƙaramin aiki. Da asuba yana kuka, kakarsa ta ba shi kunu rabin kofi. Ƙarfe takwas mai sa barci ya tambaya, muka faɗa, ya ce an fasa. Mun yi asarar kuɗin mota da na kwana. Rabin kofin kunu ne zai kashe mutum?

Malam, asarar da ciwo, amma amsar ita ce e, yana iyawa. Mutumin da ke farke in abu ya nufi hanyar iska sai ya yi tari ya fitar. Maganin barci yana kashe wannan tari. In kunun ya taso haɗe da ruwan tsamin ciki ya gangara huhu, yana ƙona shi, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin iska, na yaro kuwa ƙanana ne ƙwarai.

Lissafin da ake bi shi ne awa 6 bayan abinci mara nauyi, awa 4 bayan nonon uwa, awa 2 bayan ruwa. Kunu, koko, fura da nono, madarar gwangwani da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi, ko da sha ake yi. Abinci mai maiƙo, irin masa da miya, ƙosai, tsire ko tuwo da nama, a ba shi awa 8. Ruwan da ake nufi shi ne wanda ake ganin gindin kofi ta cikinsa: ruwa zalla, ruwan sukari, baƙin shayi.

Ka ga ke nan yaronka ba sai ya kwana da ƙishi ba. Da an yi wa kakar bayani, da ta ba shi ruwan sukari har ƙarfe shida ya yi shiru. Inda muke ganin gazawar ma'aikata shi ne jefa umarnin "kada ya ci komai daga sha biyun dare" ga uba, alhali kaka ce ke kwana da yaro. Kuma kunun ƙarfe biyar ya cika awa shida da sha ɗaya. In jerin aikin ranar ya ba da dama ana iya mai da yaro ƙarshen layi maimakon a kore ku, kuna da damar roƙon haka. Abin da kuka yi daidai shi ne faɗin gaskiya. Akwai iyayen da ke ɓoyewa don gudun a fasa, su ne ke shiga uku.

In yaro na zazzaɓi da tari mai majina, shi ma ana ɗagewa mako biyu zuwa huɗu, don hanyar iskarsa na iya shaƙewa da an taɓa ta.

Daga wani matashi, Pantami, Gombe: Na karye a cinya, za a sa mini ƙarfe. Kusan shekara biyu ina shan tiramol kullum. Babana ne ke jinyata, ba na so ya ji. Dole ne in faɗa?

Dole ne, ɗan'uwa, amma ba dole Baba ya ji ba. Ka ce wa mai sa barci kana da maganar da za ku yi ku biyu. Sirrin majiyyaci amana ce a wuyansa. Ka faɗi ƙwaya nawa kake sha a rana da lambar da ke jikinta. Iyakar da likita ke rubutawa miligiram 400 ce a yini, na kasuwa kuwa ana samun 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya.

Jikinka ya saba, awon maganin zafi da ke isar wani ba zai ishe ka ba. In an yanke maka shi kwatsam, cikin kwana ɗaya za ka fara gumi, hamma, zawo da ciwon gaɓoɓi, a yi ta neman zazzaɓin da babu. Allurar rage zafi ta fentazosin da ake yawan yi bayan tiyata a asibitocinmu tana iya tayar da wannan hali ga wanda ya saba da irin waɗannan ƙwayoyi. Tiramol mai yawa kuma na jawo farfaɗiya. Kada ka daina da kanka ana gobe aiki, kada kuma ka haɗiya a ɓoye da safe. Aikin cinya ana yin sa da allurar baya, ta dace da kai.

Wannan amsa ta shafi masu kodin, wiwi, sigari da shisha, har da masu jiƙe-jiƙen gargajiya; jiƙe-jiƙen ne ake so a ajiye mako biyu kafin aiki tun da ba a san abin da ke ciki ba. Masu hawan jini da ciwon suga su zo da magungunansu a kwalayensu. Cikin magungunan hawan jini, amlodifin ana shan sa da kurɓin ruwa ko da safiyar aiki, lisinofiril da losatan sau da yawa ana tsallake su ranar, ƙwayar suga irin gilibenkilamaid ba a shan ta a kan yunwa, wafarin kuwa, maganin tsinka jini, ana tsayar da shi kwana biyar kafin aiki. Likita ne zai yanke, ba mai kemis ba.

Daga wata amarya, Dass: Wai gaskiya ne mutum na tona asirinsa in yana farfaɗowa?

Amarya, kwantar da hankalinki. Wani maganin sa barci mai suna ketamin ne ya jawo wannan magana. Ana yawan amfani da shi a ƙananan asibitoci don ba ya cika tsayar da numfashi ko kayar da hawan jini, amma yana sa mafarkai masu rikitarwa, mutum ya yi ta sambatu ko kuka ko kiran sunaye. Surutu ne mara kan gado, ba amsa tambaya ba. Ana rage shi da maganin kwantar da hankali irin diyazefam ko midazolam, a kuma bar mutum ya farka a wuri shiru. Dangin da ke cika bakin gado suna girgiza shi suna "ka gane ni?" su ke ƙara rikita shi.

Daga wani malamin makaranta, Kumo: Tsorona biyu ne: kada in ƙi farkawa, kada kuma in farka ana tsakiyar yanka.

Malam, yawancin mutane na buɗe ido cikin minti goma zuwa ashirin da rufe maganin. In an yi jinkiri, dalilan sanannu ne: sugan jini ya faɗi, jiki ya yi sanyi, ƙoda ko hanta na jinkirin fitar da magani, ko maganin sakin tsoka bai gama fita ba, kowanne da gyaransa. Ga mai lafiya da aka shirya wa aiki a wurin da kayan aiki suka cika, mutuwa saboda barcin kansa kusan ɗaya ce cikin 100,000. Haɗarin da ya fi yawa a wajenmu na zuwa asibiti a makare ne, da ƙarancin jini, da aikin gaggawa. In wani a danginku na jini ya taɓa rasuwa ko yin zazzaɓi mai tsanani a kan gadon tiyata, ka faɗa, akwai larurar gado da wasu magungunan barci ke tayarwa.

Farkawa ana aiki, binciken Birtaniya na 2014 ya sami rahoto ɗaya cikin kusan 19,000. Da yawa daga masu cewa sun ji komai allurar baya aka yi musu, ba a dai gaya musu cewa idonsu biyu za su kasance ba.

Daga wata uwa, Ningi: An cire mini maƙoƙo, aiki ya yi kyau. Amma daren farko na sha azaba: amai, rawar sanyi, maƙogwaro kamar an kankare, ga zafi. Duk wanda na kira sai ya ce in yi haƙuri. Haka abin yake?

Hajiya, sannu da jiki. Abubuwan da kika lissafa sanannu ne, amma "yi haƙuri" ba magani ba ne, kowannensu yana da nasa.

Amai na samun kusan mutum ɗaya cikin uku bayan barci na gaba ɗaya. Abu huɗu ke ƙara shi: kasancewa mace, rashin shan taba, yin amai a mota ko a tiyatar baya, da allurar zafi mai ƙarfi. Mai duka huɗun, kusan takwas cikin goma za su yi. Saboda haka a gaba ki faɗa tun kafin aiki a ba ki rigakafi, irin deksametason a farko da ondansetiron a ƙarshe. Rawar sanyi daga sanyin ɗakin tiyata ne da ruwan da aka ƙara, bargo da ruwa mai ɗumi ke kawar da ita, in ta ƙi akwai allura. Kaushin maƙogwaro na bututun numfashi ne, yakan wuce cikin kwana biyu zuwa uku. Amma bayan aikin maƙoƙo, in murya ta dushe ta ƙi dawowa a duba jijiyar murya, in kuwa wuya ya fara kumbura numfashi na wuya, wannan gaggawa ce ta minti.

Zafi kuwa kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai ya kai maƙura. Maganin da aka ba da kan lokaci ya fi wanda aka ba da bayan kuka. Ga babba mai nauyin kilo 50 zuwa sama, farasitamol giram 1 duk awa shida, kada a wuce giram 4 a yini, a haɗa da diklofenak in babu gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asmar da yake tayarwa, sannan allura mai ƙarfi a sama in ana bukata. Allurar kwana biyu a asibiti ba ta mai da mutum ɗan ƙwaya. Za a fi jin ki in kin ba zafin lamba daga sifili zuwa goma: "yana kan takwas, ba na iya tari" ya fi "ina jin jiki". Kunya da kawaici da aka san matanmu da su suna sa ma'aikaci ya ɗauka komai lafiya. In an yi magani rabin awa ta wuce bai sauka ba, mai jinya ta nemi a kira mai sa barcin da ke bakin aiki.

Daga wata budurwa, Tudun Wada, Gombe: Bikin yayata zai zo ne ana saura mako ɗaya a yi mini aiki. Zan iya yin lalle?

Ki yi, amma ki bar yatsa ɗaya ko biyu fari, farce da fata. Na'urar yatsa da haske take aiki. Jan lalle bai cika dame ta ba, amma baƙin lalle mai duhu da jan farce da farcen roba na iya sa ta ba da lambar ƙarya. Ki bar bayan hannu ma ba zane mai cika, don a ga jijiyar ƙarin ruwa. Ranar aiki a cire zobe, 'yan kunne da sarƙa, a tsefe duk kitson da ya yi tudu a ƙeya don kai ya kwanta daidai, in kuma akwai haƙorin roba ko mai girgiɗi a faɗa kafin a shiga.